Rami shida, tiyo huɗu: wanne zai shiga ina?

Sakataren Matasa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wanda ya san kayan nutso a cikinku ya taimaka mana. Ƙauyenmu yana bakin dam ɗin Tiga, kuma da wuya damina ta wuce ruwa bai ci mana wani abu ba, ko mutum, ko dabba, ko injin jirgi. Tun hatsarin jirgin Bagwai na ƙarshen Nuwamban 2021 ƙungiyarmu take tara kuɗi, don mun ga yadda masu ninkaya suka sha wahala da numfashin ƙirjinsu kaɗai. Yanzu wani ɗan garinmu da ke Legas ya aiko mana da kaya na hannu, saiti biyu: tukunyar iska, rigar da ake hura wa iska, gilashin fuska, takalmin agwagwa da regileta, wato abin da ke kawo iska daga tukunya zuwa baki. Sai dai an kwance duk tiyon don su shiga jaka. Kan ƙarfen regiletar da ake ɗaurawa a tukunya yana da rami shida, biyu an rubuta musu HP, huɗu ba rubutu. Tiyo huɗu ne kowane saiti: baƙi mai abin sawa a baki, ruwan ɗorawa mai tsawo shi ma da abin baki, ɗaya mai agogo, ɗaya mai wani ɗan ƙarfe a bakinsa. Wanne zai shiga ina?

Mai Faci: Wa alaikumus salam. Wannan ai ba wani aiki ba ne Sakatare. Ku kawo shago gobe, mu naɗa farin tef na masu famfo a tiredin, mu ɗaure da sifana tamau. Iska ma ina da inji, kyauta zan cika muku saboda Allah.

Tsohon Mai Nutso: Malam mai faci, Allah ya saka da niyya, amma don girman Allah kada ku yi ko ɗaya cikin ukun nan. Na ci abinci da wannan sana'a a Fatakwal da Warri kafin gwiwa ta dawo da ni gida, bari in yi bayani a tsanake.

Tukunyar nan ana cika ta zuwa wajen bar 200, bar kuwa ma'aunin matsin iska ne. Tayar ƙaramar mota bar biyu da ɗan wani abu take ɗauka, ku auna da kanku. Aikin kan ƙarfen shi ne ya sauke wannan ƙarfi zuwa wajen bar 9 ko 10, sannan na bakin ya ƙara sauke shi daidai da yadda huhu zai karɓa. Shi ya sa ramukan iri biyu ne. Masu HP iskar tukunya ce tsagwaronta take fitowa ta nan, agogon da ke nuna iskar da ta rage kaɗai ke shiga wurin. Sauran huɗun na iskar da aka riga aka sauke ne: na baki biyu da tiyon riga, wato mai ɗan ƙarfen nan a bakinsa. Za ku ga ma faɗinsu ba ɗaya ba, na HP ya ɗan fi faɗi, 7/16 na inci, sauran 3/8. Da gangan masu ƙerawa suka bambanta su, don a tsofaffin kaya duk girma ɗaya ne, mutum kan ɗaura tiyon baki a ramin bar 200 ya fashe masa.

Yadda za ku jera: ku tsaya bayan tukunya kamar kuna kallon ƙeyar wanda ya goya ta. Na baki biyu su fita ta dama. Baƙin ya bi ta kan kafaɗar dama zuwa baki. Mai ruwan ɗorawa, wato na ko-ta-kwana, ya bi ta ƙarƙashin hammatar dama, a maƙale shi a ƙirji. Agogo ya sauka ta hagu a maƙale shi a ƙugu. Tiyon riga ya bi ta kan kafaɗar hagu, ya haɗu da ƙaton tiyon rigar mai kama da maƙogwaro. Zai rage rami biyu, HP ɗaya da ƙarami ɗaya. Ku duba cikin jakar, dole akwai 'yan murafe na ƙarfe da ake toshe su da alanki.

Tef kuwa ba ya shiga wannan aiki. Ba tiredi ne ke tare iska ba, ɗan zoben roba ne da ke gindin kowane tiyo. Idan tef ya yage ya shige ciki, zai je ya tsaya a inda numfashin mutum yake bi. Ɗauri kuma da hannu ake yi har ya zauna, sai a ɗan taɓa shi da sifana kaɗan. Jikin tagulla ne aka yi wa fenti mai ƙyalli, in ka danne shi irin ɗaurin ƙafar tirela, tiredin ya tafi, kan ya zama na 'yan gwangwan.

Mai Faci: To Baba na ji na tef da sifana. Amma iska fa? Iska ai iska ce.

Tsohon Mai Nutso: Injinka nawa yake kaiwa? Bar takwas ko goma. Bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na bar 200 ba. Wannan ma da sauƙi. Iskarsa akwai tururin baƙin mai a ciki, ga hayaƙin janareta da yake zuƙa a gefe. A kan tudu sai dai ka yi tari ka wuce. A ƙarƙashin ruwa kowane numfashi ninki yake shiga, gubar hayaƙin ma ninki. Injin cika tukunyar nutso daban yake, yana da matatai da ake canzawa, kuma ana kai bakin da yake jan iska nesa da salansa.

Ɗan Fawa: Ni dai tambayata, masunta da suka ce ruwa gidansu ne, yau kuma su ne da goyon tukunya kamar masu tallan gas? Ina layun da ake mana burga da su? 😂

Ɗan Sarkin Ruwa: Kai dai tsaya kan teburinka ka kori ƙuda, ranar da sanku ya faɗa kogi mu za ku kira. Baba mai nutso, ranku ya daɗe, ina bibiye daga nan wajen Haɗeja.

Ɗalibin Masar: Baba ya yi bayani daidai da abin da ake koyarwa a kwas na farko, ni ma haka aka fara koya min a Dahab, bakin Bahar Maliya. Amma da izininku Baba, ina ganin wannan jerin na ruwa mai haske ne. Can kana hango abokinka daga nisan mita ashirin, ka ga tiyo ruwan ɗorawa a ƙirjinsa ka miƙa hannu ka cire. A Tiga cikin Agusta wa zai ga launi? Hannunka ma ba ka gani.

Akwai wani jeri da masu shiga kogunan ƙarƙashin ƙasa a Florida ta Amurka suka fito da shi. Wanda kake shaƙa da shi ake sa wa dogon tiyo, mita 2.1 ko 1.5. Ya sauka ta bayan hammatar dama zuwa ƙugu, ya hau ta ƙirji zuwa kafaɗar hagu, ya zaga ta ƙeya, ya shigo baki ta dama. Na ko-ta-kwana kuma gajeren tiyo ake sa masa, a rataye shi da roba a wuya kamar laya, yana zaune ƙarƙashin haɓa. Idan abokinka iska ta ƙare masa, na bakinka kake cire masa ka sunkuyar da kai tiyon ya warware, kai kuma ka ɗauki na wuya. Dalili biyu ne. Na farko, wanda iska ta yanke wa ba ya neman wani ruwan ɗorawa, na bakinka zai fizge ko ka so ko ka ƙi. Na biyu, ka tabbata wanda ka ba shi yana aiki, tunda yanzu ka gama shaƙa da shi. Shi kuwa wanda ke rataye a ƙirji, ƙila tun ɗazu ya kuɓuce yana jan laka a ƙasa ba ka sani ba.

Tsohon Mai Nutso: Yaro ka yi karatu, kuma rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Rataye na ko-ta-kwana a wuya abu ne mai kyau, ko ido a rufe ka san inda yake. Amma ka ɗauki mita biyu na tiyo ka naɗa wa mutumin da bai taɓa shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa ba a wuya, ka tura shi inda ake kafa taru? Mutanen Florida ɗin nan sau nawa suke gwada warware shi da mayar da shi kafin su shiga kogo? Kowane nutso sai sun gwada kafin su sauka. Idan ka rataya na wuyan a kan dogon maimakon ƙarƙashinsa, ko tiyon riga ya hau kansa, ranar da ake buƙata ba zai fito ba. Kuma ruwan kogonsu garau yake kamar na randa.

Ɗan Sarkin Ruwa, faɗa masa abin da ke ƙasan ruwanmu.

Ɗan Sarkin Ruwa: Ranku ya daɗe, abin da ke ƙasa ya fi abin da ke sama yawa. Akwai tsohon taru da ya maƙale mai shi ya haƙura ya yanke ya bar shi. Zaren roba ne, ba ya ruɓewa, shekara da shekaru yana nan yana kama kifi ba mai ɗiba. Akwai mamari, igiya ɗaya ƙugiya fiye da ɗari, kuma ba ka sanin kana kusa da shi sai ya kama maka wando. Mu nan ga kacalla ta cinye bakin ruwa, saiwarta kamar an saƙa. Su kuma na Tiga, ai daji da gonaki ruwa ya hau da aka gama dam ɗin a 1974 zamanin Audu Baƙo, kututture yana nan tsaye a ƙasa. Mu da muke shiga daga mu sai gajeren wando ma yana kama mu. Mahaifina ko laya ba ya bari a shiga da ita tana lilo, sai an ɗaure ta ta kwanta a dantse. Duk abin da ya yi kunne a jikinka, ruwa zai samu abin da zai rataye ka da shi.

Ni ban san tiyo ba, amma in dai zai yi baka a gefen mutum kamar hannun tulu, ban yarda da shi ba, dogo ne ko gajere.

Tsohon Mai Nutso: To ka ji. Wannan ita ce maganar, kuma ta shafi jerin da na faɗa da farko ma. Yawancin kayan haya tiyon agogonsu dogo ne, ga ƙaton kai mai agogo biyu ko uku yana reto har gwiwa. Sakatare, in naku haka yake, ku maƙale shi gam a zoben rigar na hagu. Ku yanka tsohon tib na babur ku yi zobba, ku kama tiyon riga da maƙogwaron rigar wuri biyu su zama abu ɗaya. Ku zaɓi ramin da tiyo zai fita ya miƙe zuwa inda za shi, ba wanda zai sa ya karye a gindi ko ya hau kan ɗan'uwansa ba. In mutum ya saka kayan, wani ya zagaya shi yana shafawa, duk inda hannu ya shige tsakanin tiyo da jiki har gwiwar hannu, reshe ma zai shige. Amma kada ku matse har ya kasa juya kai hagu, na baki zai riƙa fizge masa muƙamuƙi.

Kuma a irin wannan ruwa ba a yin nutson abokai biyu suna yawo. Mutum ɗaya ke sauka, da igiya ɗaure a jikinsa, wani na riƙe da ita a jirgi suna magana da ja. Na biyu yana zaune a shirye da kaya a jiki. Abin yanka biyu, wuƙa da almakashi, a inda kowane hannu zai kai. Almakashi ya fi cin zaren taru.

Ɗalibin Masar: Baba ai kun ba ni hujja da bakinku. Na biyun nan da ke zaune a jirgi, yaushe zai sauka? Sai na farko ya maƙale a taru, iskarsa tana ƙarewa. To ya bi igiya ya same shi. Da tiyon da bai kai mita ɗaya ba, dole ya manne da shi ƙirji da ƙirji a cikin tarun, ga mutum a firgice yana kokawa. Yanzu mutum biyu ne a taru. Da mita 1.5 zai miƙa masa iska, ya ja baya kaɗan, ya samu hannun yanka.

Tsohon Mai Nutso: Hmm. Wannan ka kama ni. Ga mai jiran ko-ta-kwana akwai hikima a ciki. Amma ina nan kan bakata: sai bayan sun iya na farko, a ruwan da ƙafa ke taɓa ƙasa, ido a ɗaure da ƙyalle. Kuma in ta ni ce, wanda ke sauka ƙaramar tukunya daban zan rataya masa mai kanta da na bakinta, don in kan ƙarfen ya samu matsala, na baki biyun duk uwa ɗaya suke sha.

Ɗalibin Masar: Ƙaramar tukunya kuma wani ƙarin abin maƙalewa ne Baba.

Tsohon Mai Nutso: Ka dawo gida mu shiga Tiga tare, sai mu ƙarasa musun a can.

Anti Nas: Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni ba tiyo na sani ba, jiki na sani. Sakatare ƙanena, na ga mai faci ya yi tayin iska, ina tsoron gobe wani ya ce a je a cika da iskar oksijin ta asibiti ko ta masu walda. Kada ku kuskura. Tsantsar oksijin in aka wuce zurfin mita shida tana iya sa mutum farfaɗiya, kuma farfaɗiya a ruwa kun san ƙarshenta. Ga shi in ta haɗu da maiƙo a ƙarƙashin matsi wuta take kamawa.

Abu na biyu ya fi damuna, don masu ninkayarmu sun saba riƙe numfashi, shi ne gwanintarsu. Da tukunya wannan sabon shi ne kisa. A zurfin mita goma matsin ruwa ya ninka na sama, iskar da ka shaƙa a can in ka riƙe ta ka taso, ninki biyu za ta kumbura a ƙirji. Huhu ba balan-balan ba ne, yagewa yake, kumfa ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Ko a zurfin da bai kai tsayin ɗaki ba hakan na faruwa. Wanda ya fi kowa iya ruwa a garinku shi ya fi buƙatar a zaunar da shi a kan wannan. Mai asma, mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, kada ya saka. Mai mura ya bari sai ya warke saboda kunne. Sannan duk mai yawan shiga ruwan dam ya riƙa lura da fitsarinsa saboda tsargiya, maganinta yana nan a asibiti.

Ɗalibin Masar: Ƙari kan na Anti: jadawalin da ke faɗin minti nawa za ka yi a kowane zurfi, an yi lissafinsa ne a kan bakin teku. Wuri in ya haura mita 300 sama da teku sai an gyara lissafin, Kano kuwa ta haura mita 400. Duk wanda zai koya muku ku tuna masa da wannan. Kuma tasowa a hankali ake yi, wajen mita tara zuwa goma a minti.

Ɗan Fawa: Wato dai abin da na fahimta, an sayo wa masunta kaya, yanzu kuma sai an sayo musu malami.

Ɗan Sarkin Ruwa: Kai da aka haife ka da wuƙa a hannu, yatsunka nawa suka rage?

Sakataren Matasa: Jama'a mun gode ƙwarai. Baba, mun jera saiti ɗaya yadda kuka ce, murafen ma mun same su a aljihun riga. Mun ɗaura kan a tukunya, muka buɗe. Agogo ya tsaya a 60. Amma akwai wani ɗan sauti siii a wuyan agogon, mun shafa ruwan omo sai ga kumfa. Ɗaya saitin kuma da muka leƙa ramin da iska ke shiga, zanzaro ya fara gini a ciki. Sannan tiyonsa ba roba ba ne, saƙaƙƙe ne kamar igiyar guga.

Tsohon Mai Nutso: Ina fata da kuka buɗe kun juya fuskar agogon ƙasa, kun buɗe a hankali. Na manta ban faɗa ba, laifina ne. Gilashinsa kan iya tashi.

Kumfar wuyan agogo ƙaramin abu ne. Akwai wani ɗan siririn ƙarfe a ciki mai zoben roba biyu ƙanana kamar ƙwayar gero, shi ke ba agogo damar juyawa. Canza su ake yi. Man silikon ake ɗan shafawa, ban da basilin, ban da giris. Abin da mutane ba su sani ba, tiyon agogo duk da shi ke ɗauke da bar 200, ƙofarsa kamar ta allura ce, in ya fashe ƙara ce mai yawa amma iska a hankali take fita. Tiyon baki ko na riga in ya fashe, shi ne ke zubar da tukunya nan da nan. Don haka su za ku fi dubawa. Ku ja robar da ke rufe gindin kowanne baya, ku lanƙwasa shi, in kun ga tsaga ko kumburi ya gama aiki.

Na zanzaron kada ku ɗaura shi a tukunya ko sau ɗaya, iska za ta tura ƙasar ciki. Sai an kwance shi gaba ɗaya an wanke. Akwai murfin da ke rataye a jikin kan don toshe wannan ramin, duk lokacin da aka cire daga tukunya a busar da shi a rufe. Ajiya kuma ba a ɗakin kwano mai zafin Afrilu ba, ba kusa da jarkar fetur ba, kuma a akwatin da ɓera ba zai kai ga robar baki ba.

Ɗalibin Masar: Saƙaƙƙen tiyon nan ku matsa shi da yatsa daga farko har ƙarshe. An samu wasu irinsa da cikinsu ke ƙanƙarewa a ƙasashe masu zafi, ya riƙa marmashewa kamar gishiri yana toshe na baki, alhali waje lafiya lau. In kun ji wani wuri ya yi tauri ko yana ƙaras-ƙaras, ku cire shi. Tunda ba ku san shekarunsa ba, ni da canzawa zan yi kawai.

Sakataren Matasa: To. Amma da 60 ɗin nan ba za mu ɗan gwada a bakin ruwa ba? Yara sun matsa.

Tsohon Mai Nutso: A'a. Mu a 50 muke fitowa daga ruwa, kai kana maganar shiga da 60. Kuma wa ya san shekarar da aka cika ta, da irin injin da aka cika ta? Duba kafaɗar tukunyar, akwai lambobi da aka buga a jikin ƙarfen, ciki har da wata da shekarar da aka yi mata gwajin matsi na ƙarshe. Bayan shekara biyar ake sakewa, cikinta kuma duk shekara ake leƙawa. Ɗauko hoton ka turo. Ka kulle kayan, makulli a aljihunka. Ina da ɗaurin aure a Bebeji ranar Asabar, in an shafa fatiha zan ƙaraso in gani da idona. Ka tara min waɗanda kuke so su koya, kada su wuce huɗu, kuma Ɗan Sarkin Ruwa ya ba ni shawarar irin wanda zan cire.

Ɗan Sarkin Ruwa: Wanda ya fi ɗokin shiga, ranku ya daɗe. Shi za ku ba riƙon igiya.

Mai Faci: Baba in kun zo ku biyo ta shago, ina da tsohon tib na babur da yawa, in yanka muku zobban. Faɗin yatsa nawa?

Tsohon Mai Nutso: Yatsa ɗaya. Ka yanko kamar goma, wasu za su tsinke.